Layin Bahago

Fanka kawai na ce ya gyara. Na faɗa da bakina sau biyu, telar da ke maƙwabtaka da shagonsa ma ta ji, don ita ƙafarta na kan keke amma kunnenta na cikin shagon kowa. Na ce wa Mai-gyara kwamfutar nan tana gurnani kamar tsohon kare, in ta yi zafi sai ta ɗauke, ka duba mata fanka. Ya ce, "Ba komai, Mama, ki dawo jibi."

Kwamfutar ta babban ɗanmu ce, wanda kowa ke kira Bahago. Hatsarin mota ya raba mu da shi shekara bakwai ke nan, Allah ya jiƙansa. Ubansa, tsohon mijin nan nawa, kafinta ne, shekara arba'in yana goge katako da hannun dama. Shekarar da ta wuce waccan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya tafi da hannun, ya tafi da maganar. Kalma biyu suka rage masa, "to" da "a'a," kuma "a'a" ta fi yawa. Wata huɗu ya yi a kwance yana kallon bango. In na kawo abinci ya kau da kai. In na yi faɗa ya rufe ido. Likita ya ce a riƙa motsa shi. Na ce likita, zo ka motsa shi, ni shekara arba'in ina ƙoƙari ban iya ba.

Wata rana da hantsi ina wanki sai na ji harbin bindiga a cikin gidana. Na watsar da sabulu na ruga. Na tarar da tsohon ya ja jiki da sanda har ɗakin Bahago, ya zauna a kujerarsa, ya kunna kwamfutar da ba wanda ya taɓa tun ranar rasuwar.

Wasan yaƙi ne irin na da. Sojoji ne da hular ƙarfe kamar kwanon sha, suna gudu a cikin laka. Ba ka ganin mutumin da kake tuƙawa, hannunsa kawai kake gani da bakin bindiga a ƙasan gilashin kwamfutar, wai kai ne shi. Bahago kuwa, da yake bahago ne na gasken gaske, ya tattara duk madannan wasan a gefen hagu, yana yaƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kofin shayi. Hannun nan na hagu, sau nawa ubansa ya buge shi a kan tasa yaron yana ƙarami, wai sai ya koyi ci da dama. Ga shi yau hannun hagu kaɗai ya rage wa uban, kuma abu ɗaya tak a gidan da aka tsara domin hannun hagu shi ne abin da yaron ya bari.

Ban yi makaranta ba, amma na san siffar sunan ɗana in na gani a rubuce. In an kunna wasan, layi biyu ke fitowa. Na sama na Bahago ne, inda ya tsaya. Na ƙasa na ubansa. Sau ɗaya tak tsohon ya buɗe na saman, ya kira ni da sanda, ya nuna mini wata gada ta ƙarfe a kan kogi. Ya rufe, bai sake taɓa layin ba. Na gane nufinsa. So yake ya isa gadar nan da ƙafarsa, ya tsaya inda ɗansa ya tsaya.

Ni na tsani wasan, ba zan ɓoye ba. Kullum harbi, kullum ihu, maƙwabta har sun daina tambaya. Ban taɓa zama na kalla ba, daga kicin da wajen wanki nake jin komai. Amma mutumin ya fara tashi da safe. Na kafa doka, ba wanka ba wasa, ba abinci ba wasa, ya bi yana hararata. Wata goma sha ɗaya yana tafiya, har ya kai tashar jirgin ƙasa, wadda daga ita sai gadar. A nan fanka ta fara gurnani.

Da na karɓo kwamfutar, Mai-gyara yana ta murmushi kamar wanda ya yi mini kyautar gida. Mutum ne mai wajen shekara arba'in, da tumbi, da tabarau a goshi. Ya ce, "Mama, za ki sa mini albarka. Yanzu gudu take yi."

Na kai gida, na jona wayoyi yadda na cire su, ja a ja, shuɗi a shuɗi. Tsohon ya zauna ya danna. Wani abu ya fito mai walƙiya da kiɗa. Babu layi biyu. Ya danna nan, ya danna can. Wani sabon yaƙi ya buɗe, jirage na shawagi, komai na gudu kamar an kunna wa kaza wuta a wutsiya. Ya sa yatsunsa inda ya saba, sojan ya tsaya ƙiƙam aka harbe shi. Ya sake gwadawa, aka sake harbe shi. Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya ɗauki sandarsa ya koma gado, ya juya wa duniya baya.

Bai ci abincin rana ba. Bai ci na washegari ba. Ko "a'a" ɗin ma bai ce mini ba.

Rana ta uku na ɗora kwamfutar a ka, na ɗauki kujerata 'yar tsugunne, na nufi shagon.

"Me ka yi mata?"

"Mama, sannu da zuwa. Wani abu ya faru?"

"Ni na tambaye ka. Me ka yi mata?"

Ya ce ai shi haka yake aiki. Duk tsohuwar na'urar da ta shigo hannunsa sai ya share cikinta tas ya zuba sababbin abubuwa, kyauta, kuma shekara goma sha biyar ba wanda ya taɓa dawowa sai da godiya. Ya ga wani tsohon wasa a ciki, shi ne ma ya sa mana wanda ya fi shi.

Na ce, "In ka kai rigarka wurin telar nan ta sa maka maɓalli, sai ta yanke ta ta ɗinka maka wando, don wando ya fi kyau?"

Tela ta leƙo. "Kar ki sa ni a ciki, Mama. Ni ko zare ba na canzawa sai na tambaya."

"Maido abin da ka cire," na ce.

Ya sauke tabarau daga goshi, ya mayar. Ya ce abin da aka share aka zuba wani a kansa ba ya dawowa. Ya ce in ina so zai ba ni wata na'urar da ta fi wannan.

"Na'ura na ce maka na rasa? Garin gyaran gira ka cire mini ido, yanzu kana tallar kwalli."

Na ajiye kujerata a bakin ƙofarsa na zauna. Duk wanda ya zo da kaya a hannu sai na gaishe shi da kyau, na tambayi iyali, sannan na ce, "Akwai abin da kake so a cikin na'urar nan? To ka yi ban kwana da shi tun daga nan." Mutum uku suka juya kafin azahar. Mai-gyara ya fito yana haɗa hannu.

"Mama, don Allah. Wasa ne fa. Jikanki zai saba da sabon cikin kwana biyu."

"Wane jika?"

Sai na faɗa masa. Ban yi kuka ba, ba na kuka a kasuwa. Na faɗa masa zancen hannun, da bangon, da layi biyun, da gadar. Keken tela ya tsaya. Mai-gyara ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan kwalin wayoyi, kwalin ya lotsa da shi.

Can ya ce, "Layin ɗanki ya tafi, Mama. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni na kashe shi. Amma wasan kansa ana iya samu. Mene ne sunansa?"

"Ka ga na yi kama da mai karatu? Kai da ka share shi ba ka duba ba?"

Bai duba ba. Hoton hular soja kawai ya gani ya wuce. Ya ce irin waɗannan wasannin na wancan zamani sun fi talatin, duk hula ɗaya, duk laka ɗaya. Ya tambaye ni launin kayan sojan, da tutar da ke jikin motoci. Na ce ban sani ba, ban taɓa kallo ba.

"To me kika sani?"

"Na san da me yake farawa. Ruwan sama a kan rufin mota. Sai wani ya yi tari sau uku. Sai usur. Sai wani mai muryar jaki ya yi tsawa."

"Tsawar me?"

Na yi masa tsawar. Ban san yaren ba, amma wata goma sha ɗaya tana shiga kunnena, na fitar da ita yadda take. Tela ta faɗi a kan keke don dariya, ta ce a ba ni hular ƙarfe in kama aiki. Mai-gyara bai yi dariya ba. Ya ɗauki biro.

"Bayan nan fa?"

Na jera masa. Bayan mota akwai gona, saniya na kuka, ƙofar katako na ƙara. Bayan gona akwai wani wuri da ruwa ke ɗiga, murya na amsa kuwwa, a nan tsohon ya yi wata biyu. Sai gari mai agogo, yana buga tara. Sai tashar jirgi. Ya rubuta duka. Ya ce yana da wani akwatin tsofaffin faifai a gidan mahaifiyarsa, na wasannin da ya yi yana saurayi, in ɓera bai gama da su ba.

Washegari na dawo da kujerata. Ya rufe rabin ƙofar shago, ya tara faifai a kan tebur kamar mai tallar faranti. Ya sa na farko, ya ce in duba.

"Ba da ido zan duba ba." Na juya wa gilashin baya.

Na farko da kiɗan ganga ya fara. Na ce cire. Na biyu jirgin sama. Cire. Na biyar ya yi ruwan sama, amma ba wanda ya yi tari. Tela ta kawo mini ruwa ta ce, "Mama, ko mai tarin ya warke ne?" Na ce ta koma kan kekenta kafin in tuna zanen da ta ɓata mini shekara uku da suka wuce.

Na goma sha ɗaya ne. Ruwa a kan rufi. Tari ɗaya, biyu, uku. Kafin usur ɗin ya busa na juyo.

"Shi ne," na ce.

Saura madannai. Ya ce wasan zai zo da tsarinsa na asali, na mai hannu biyu, shi kuma bai san yadda Bahago ya jera nasa ba. Ya ɗauki allon dannawa, wanda na haɗo da kwamfutar, ya fita da shi rana, ya karkata shi. Ya kira ni. Guda bakwai a gefen hagu suna sheƙi, sun siɗe kamar bakin tsohuwar muciya, harafin wasu ma ya goge.

"Ga su nan. Hannun ɗanki da na mijinki ne suka cinye su. Amma wanne ne gaba, wanne ne harbi, wannan sai na ga mai su."

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da tela ta ce ko ranar da aka haifa masa 'ya bai yi ba. Shi ya ɗauki kwamfutar har gida. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da tsohon ke kwance, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ni ne na yi ɓarnar. Na zo in ga abin da zan iya."

Tsohon bai juyo ba. Ƙashin kafaɗarsa ya fito ta cikin riga. Kwana huɗu ke nan rabonsa da abin kirki sai ruwan shayi da nake ɗura masa da faɗa.

Mai-gyara ya ce a kawo teburin nan ɗakin. Muka jawo shi kusa da gado. Ya kunna. Wasan ya nemi suna, ya dube ni.

"Rubuta Bahago," na ce.

Ya rubuta. Na duba siffar, ita ce. Ba layin ɗana ba ne, na sani, amma sunansa ne.

Ruwan sama ya fara. Mai tari ya yi tarinsa. Na ga bayan tsohon ya ƙame. Bai juyo ba, amma hannunsa na hagu yana kan bargo, kuma da usur ya busa sai yatsan tsakiya ya danna bargon. Mai-gyara ya gani. Ya tsayar da wasan, ya canza wani abu, ya sake farawa. Da maharbi ya ɓullo, babban yatsa ya motsa. Ya sake tsayarwa, ya sake canzawa. Haka suka yi ta yi, ɗaya na kallon bango, ɗaya na kallon hannu, har madannai bakwai suka koma mazauninsu.

"Yanzu zan kai maka shi tashar jirgi, Baba, inda ka tsaya," in ji shi. "Ko kwana nawa zai ɗauka."

Ya sa hannun dama a aljihu, ya fara da hagu.

Ban taɓa jin yaƙi marar daɗi irin wannan ba. Bai kai ƙofar gona ba aka kashe shi. Ya sake, ya faɗa rami. Ya sake, ya harbi saniyar.

"Ba a taɓa saniyar," na ce daga bakin ƙofa. "In ta yi kuka sau biyu ka jira, akwai mutum a bayan ƙofa."

"Ta wane gefe, Mama?"

"Ina na sani? Ji nake yi, ba gani ba. Kai da ka ce ka yi shi kana saurayi."

"Da hannu biyu na yi, kuma lokacin ba tumbi."

Aka kashe shi a ƙofar nan sau tara. A na shida gadon ya yi ƙara, tsohon ya juyo. A na bakwai ya yi tsaki, tsakin da rabona da ji tun yana da masu koyon aiki a shago. A na takwas ya dafa bango ya tashi zaune. Mai-gyara bai ko waiwaya ba, ya sake nufar ƙofar gonar kai tsaye kamar rago, aka sake zubar da shi.

Sai sanda ta sauka a kafaɗarsa, ba da ƙarfi ba. Bakin tsohon ya karkace, ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuya ta tashi.

"Matsa," ya ce.

Kalma ta uku ke nan cikin shekara ɗaya da wata uku.

Mai-gyara ya tashi tsam ya ba shi kujera. Muka kama shi muka zaunar. Ya ɗora yatsu a kan madannan nan masu sheƙi, ya jira saniya ta yi kuka sau biyu, ya zagaya ta bayan rumbu, na ji harbi ɗaya, sannan ƙofar katako ta yi ƙararta. Ya kalli Mai-gyara sama da ƙasa, irin kallon da yake yi wa teburin da wani kafinta ya haɗa.

Na shiga tsakaninsa da gilashin. "Doka tana nan. Ba abinci, ba wasa."

Ya harare ni. Ya ce, "To."

Na raka Mai-gyara bakin titi. Na ce, "Tsakaninka da Allah, sau taran nan, duka da gaske ne?"

Ya sosa ƙeya. "Biyar na farko da gaske ne, Mama."

Na ce ya tafi kafin in sa masa albarka a gaban mutane in zubar da girmana. Na sa masa duk da haka, da ƙarfi, har mai shagon kusurwa ya ce amin.

Layin ɗana bai dawo ba, kuma na gaya wa Mai-gyara wannan ba zan ce na manta ba. Ya ce bai nema ba. Tela ta ce yanzu ya rataya kwali a ƙofa, kuma duk wanda ya kawo na'ura sai ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, har mutane na ƙorafin yana ɓata musu lokaci. Su yi ta yi. Duk ranar Asabar yana zuwa ya hure fanka, ya kwafi inda tsohon ya kai a wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, ya ba ni in ɓoye. Yana cikin gwangwanin allurai.

Tsohon bai yarda kowa ya tsallake masa ko taku ɗaya ba. Daga motar ya faro, a ƙarƙashin sunan yaron. Abin da ya ci masa wata goma sha ɗaya a da, wannan karon wata uku ya yi. Kalmominsa sun kai goma sha biyu, huɗu daga ciki zagi ne, kuma duk na Mai-gyara ne.

Jiya da hantsi ina yanka albasa na ji jirgin ƙasa ya yi kukansa ya wuce. Sai na ji wani sauti da sau ɗaya tak na taɓa jinsa: takalmi a kan ƙarfe, ruwa na gudu a ƙasa. Harbi ya tsaya. Na ji sanda tana bugun ƙafar tebur, sau uku, yadda yake kirana.

Na goge hannu, na ɗauki 'yar kujerata, na shiga na zauna kusa da shi. Gadar ta fi yadda na tuna tsawo.

"To, me kake jira?" na ce. "Wuce mu ga abin da ke can."